Kwandon da Malam Hambali Ya Saƙa Don Ya Watse

Matso nan kusa, ga gefen tabarma, ka kifa wayar nan tukuna. Labarin wani tsoho zan ba ka, Malam Hambali masaƙin kwando, na wani ƙauye tsakanin Kura da Kadawa, da yadda jikarsa ta zo masa da aikin da ya kusa cinye masa suna da rana tsaka, shi kuma ya taya ta da hannunsa.

Lokacin da aka haifi Hambali babu kanal na ban ruwa ko ɗaya a ƙasar nan. Damina na wucewa noma ya wuce, maza su watse cin rani. Mahaifinsa kam bai taɓa zuwa ko'ina ba. Yana nan gindin tsamiyar ƙofar gida yana saƙa mangalar jakai da kwandunan kai kaji kasuwa, a nan Hambali ya koya, da ranƙwashi da komai. Abu ɗaya tsohon ya dasa masa a kai: in ka gama saƙa, ka ɗaga ta sama ka maka da ƙasa. In ta motsa, ba ka gama ba.

Yana saurayi aka kawo ruwan madatsar Tiga. Filayen da a da ko akuya ba ta samun abin tsinka da rani suka koma kore shar, tumatir ya yi ja har ido ya gaji. Manyan motoci suka riƙa kawo kwanduna daga kudu, a jibge kamar tsauni, rabinsu sun karye a hanya. Hambali ya fara da gyaran waɗannan, daga baya ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa yana ɗinke ɓarnar wani ba, ya koma tsaga gora da tukurwa yana saƙa nasa. Wata shekara wata mota ta kife da lodin tumatir kusa da Garun Malam, kwanduna suka fashe kaca-kaca a kan kwalta. Da aka zo kwasa sai aka ga wasu suna nan garau. Tumatirin ciki ya zama miya, amma kwandunan ko tsinke ɗaya bai zare ba. Tun daga ranar, in dillali yana so ya yabi abu mai ƙarko, ko igiya ce, ko aure, sai ya ce, "Wannan saƙar Hambali ce, ba ta kwancewa."

Ya auri Rekiya, suka haifi 'ya'ya, 'ya'yan suka kama noman rani, babu wanda ya ɗauki wuƙar tsaga gora. Sannan kiret, akwatin nan na roba, ya shigo. Hambali bai yi gaba da kiret ba, shi da bakinsa yake cewa ba ya matse tumatir kamar kwando. Masu zuwa ƙofar gidansa dai suka ragu, ƙarfin ido ya ragu, haƙora ma wasu suka yi sallama. Abin da ya rage masa cif, wanda yake tattali fiye da gonarsa, shi ne sunan nan: duk ƙasar Kura da Bunkure ba a taɓa ganin saƙarsa ta kwance ba.

To, yana da jika, Zuliha, 'yar babban ɗansa Dalhatu. Ta yi karatu a Kano ta dawo tana koyar da bayoloji a makarantar 'yan mata ta sakandare a Kura. Ka san tsakanin kaka da jika, ba a gaisawa sai da tsiya. Wata rana bayan la'asar ta same shi gindin tsamiya, ta durƙusa ta gaishe shi kamar mutuniyar kirki, sannan ta ciro waya.

"Tsoho, aiki na kawo maka. In ya fi ƙarfinka ka faɗa min da wuri, in nemi masu jini a jika."

"Ke da ko igiyar guga ba ki iya ƙullawa ba? Miƙo mu gani."

Ya riƙe wayar can nesa da fuskarsa, ya ƙanƙance ido. Wani abu ne zagaye kamar ƙwallo, duk jikinsa idanu irin na raga.

"Wannan ai kwando ne. Saƙar wace ƙasa ce? Ba laifi, mai shi ya iya."

"Mai shi kam ya iya. Kwandon nan a cikin jikinka yake."

"A'uzubillahi! Rekiya, fito ki ji abin da jikarki take ja min."

Zuliha ta gyara zama ta yi masa bayani yadda take yi wa 'yan ajinta. Jikin mutum, ta ce, an gina shi da ƙwayoyin halitta, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da na'ura. Kowace ƙwaya kamar gida ce mai ɗakuna, kowane ɗaki da bangonsa na wata fata siririya. Ana sarrafa kaya a wannan ɗaki, ana buƙatarsu a wancan, ga shi babu ƙofa. To sai bangon ya kumbura ya naɗe kayan, ya tsinke ya zama ƙunshi, ya tafi. Abin da ke lanƙwasa bangon har ya zama ƙunshi shi ne wannan kwandon. Wani furotin ne, irin sinadaran da ke gina jiki, sunansa kilatirin. Kowane ɗaya ƙafa uku gare shi, kowace ƙafa da gwiwa a lanƙwashe. Su taru da yawa, wannan ya ɗora ƙafa a kan ta wancan, sai ga kwando.

"Kila wa?"

"Kilatirin."

"Ƙafa-uku dai," in ji Hambali, kuma har yau haka yake kiransa.

Abin da take so shi ne ya saƙa mata babba, wanda yara za su gani su taɓa, don hoton waya ba ya shiga kansu. Gaskiyar magana, rabin bayanin nan ya wuce ta bayan kunnensa, don idonsa na kan saƙar. Ya ce ta dawo ranar Juma'a.

Ta dawo ta tarar da kwando kyakkyawa mai manyan idanu, da gindi shimfiɗaɗɗe don ya zauna daidai, da baki mai daurin kaba, har da hannu biyu na ɗauka. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Kaka, wa ya ce ka yi masa baki?"

"Hoton ne bai nuna ba, na gyara musu. Kwando babu baki, ta ina za a zuba kaya?"

"Ba zuba kayan ake yi ba. A kan kayan ake saƙa shi, ya rufe ruf."

"Gindin fa? A kan me zai zauna?"

"Ba ya zama. Tafiya yake yi."

Rekiya, da ke tsince shinkafa a bakin zaure, ta ce a bar mata wannan ɗin, ya yi daidai da albasarta.

Ya sake ɗaukar wuƙa. Nan ya haɗu da abin da ya ba shi haushi: in ya jera idanu masu kusurwa shida zalla, saƙar sai ta kwanta kamar tabarma, ta ƙi rufewa. Ya san tun yana yaro cewa in ka rage tsinke ɗaya saƙa takan lanƙwasa, amma bai taɓa tsayawa ya duba sau nawa ake ragewa kafin ta haɗe baki ba, don kwandonsa ba ya haɗe baki. Zuliha ce ta kawo masa wata tsohuwar ƙwallon ƙafa mai baƙi da fari, ta nuna masa. Fararen kusurwa shida, baƙaƙen kusurwa biyar, kuma baƙaƙen goma sha biyu ne. Ta ce haka yake a cikin ƙwaya ma, ko kwandon babba ne ko ƙarami, masu kusurwa biyar ɗin goma sha biyu ne suke rufe shi. Ya juya ƙwallon ya sake juyawa.

"Ashe makarantar nan taku ana koyar da wani abu," ya ce.

Wannan karon ya yi abin kallo. Ƙwallo ce ta gora, ta kai tulu girma, kowace mahaɗa ya ɗaure ta da kaba ya ja har sai da yatsunsa suka yi ja. Da Zuliha ta zo ya ɗaga ta sama ya maka da ƙasa. Ta yi tsalle ta dawo. Ya hau kai ya zauna, ya harɗe ƙafa, yana jiran yabo.

Zuliha ba ta yi dariya ba. Ta zagaya shi, ta taɓa ɗaurin kabar.

"Ya yi kyau, Kaka, wallahi ya yi kyau. Amma ta ina zai watse?"

"Ya me?"

"Ai na faɗa maka tun ranar farko, ba ka saurara ba. Da ƙunshin ya tsinke daga bango, kwandon sai ya warware gaba ɗaya. In bai warware ba, ƙunshin ba zai iya mannewa da bangon ɗakin da za shi ba, kaya ba za su isa ba. Ƙafa-ukun nan su rabu, su koma su saƙa wani. Wannan shi ne abin da nake so yara su gani da idonsu. Ina so a taɓa shi a gabansu ya zube."

"A gaban yara."

Ta ɗan sunkuyar da kai. "Da iyayensu. Ranar baje kolin kimiyya ce, an gayyaci kowa."

Hambali ya sauka daga kan ƙwallon a hankali. Kowa, wato har da Sunusi. Sunusi Bazazzagi ne, dillalin tumatir a Kwanar Gafan, ya zo ƙasar nan tun farkon zuwan ruwan Tiga ya zauna. Wasan Kanawa da Zagezagi ya haɗa su, kuma tun suna da baƙin gashi Sunusi yake rantsuwa cewa ba zai mutu ba sai ya ga ranar da saƙar Bakanon nan za ta kwance. Jikarsa Nafisat tana ajin Zuliha. Ko da rarrafe ne zai zo.

"Malama," in ji Hambali, kuma in ya kira ta Malama babu wasa a ciki, "ki nemi wani. Na tsufa da a yi min dariya a filin makaranta."

Ta roƙe shi, ya ƙi. Ta ce to shi ke nan, za ta sa a yi mata da wayar ƙarfe da roba a Kano, dama ta yi tunanin gora ba za ta iya ba. Ya san sarai tarko ne, shi ya koya mata irin wannan tsiyar. Ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Sai dai maganar ta ƙi barinsa. Ya je gonar Dalhatu duba albasa, tana binsa. Ya zauna cin tuwo, tana nan. Abin da ke cinsa daban ne da tsiyar Zuliha. Saƙar da za ta riƙe kanta babu ɗauri ko ɗaya, a ɗauke ta a zagaya da ita, sannan a taɓa wuri ɗaya ta saki. Mai ƙarko ya iya. Mai ruɓewa kowane rago ya iya. Wannan ta tsakiyar bai taɓa jin wanda ya yi ba, ga shi kuma an ce ana yin ta a cikin jikinsa, ana saƙawa ana warwarewa, yana salla ana yi, yana cin goro ana yi, ba a taɓa neman shawararsa ba.

Rekiya ta gan shi da hantsi yana jiƙa tsagin gora a bakin kanal.

"Malam, na ji kamar ka ce ka tsufa."

"Kwandon kaji zan yi."

"Kajin masu ƙafa uku ne?"

Ya kwashi tsaginsa ya koma gindin tsamiya. Ya hura garwashi a kasko, ya riƙa gasa tsagin yana lanƙwasa musu gwiwa, yana haɗa uku-uku a cibiya ɗaya. Na farko da ya jera sun cije juna, ko da ƙarfi ba sa rabuwa. Ya rage lanƙwasar, sai suka ƙi tsayawa, yana ɗora na biyar na farko ya faɗi. Ya zubar da tari guda, Rekiya ta samu makamashi. Da abin ya ishe shi ya aika a kira Zuliha, ba tare da ya ce ya sauko ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta buɗe masa wani hoton da ya fi na farko fitowa, ta nuna masa cewa kowace ƙafa doguwa ce, ba ta tsayawa a mahaɗa ta kusa, tana wucewa ta kwanta a jikin ƙafafun maƙwabta har ta kai mahaɗa ta gaba, sannan ta lanƙwasa ciki. Ya tsawaita nasa. Ya fere wani itace ya mai da shi ma'auni don kowace gwiwa ta fito iri ɗaya. Ita tana riƙe, shi yana sakawa, suna faɗa a kan wanda ya fi wani rawar hannu.

Ranar da na ƙarshe ya shiga, abin ya tsaya da kansa, zagaye, babu kaba ko zare. Hambali ya ɗauka ya miƙa mata, ta miƙo masa. Ya sa yatsa ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya zare. Maƙwabtan suka yi sako-sako, sai ga shi duka ya zube a kan tabarma da wata 'yar ƙara kamar an watsa tsintsiya. Ya daɗe yana kallon tarin. A duk abin da hannunsa ya taɓa yi, babu wanda ya kai wannan wuya, shi ya sani.

"Sharaɗi ɗaya," ya ce. "Ba za ki ambaci sunana ba. In an tambaya, ki ce wani ne ya yi miki."

"Kaka..."

"Na gama magana."

"To. In ka ce kar in faɗa, ba zan faɗa ba."

Ranar ta zo. Aka jera benci a inuwar darbejiya, iyaye suka cika, dagaci a gaba. Hambali ya sa farar rigarsa ya zauna can baya, wai ya zo ne kawai don kar a ce bai zo ba. Bai gama zama ba sai ga Sunusi ya matso da sandarsa ya zauna a gefensa.

"Bakano, me ya kawo ka wurin masu ilmi?"

"Na zo in ga ko an fara koyar da Zagezagi yin shiru."

Aka nuna abubuwa iri-iri, har aka zo kan 'yan ajin Zuliha. 'Yan mata biyu suka fito da kwandon, da jan balan-balan a cikinsa, shi ne ƙunshin, an zuba masa 'yan tsakuwa su zama kaya. Zuliha ta yi bayanin ɗakuna da bango da ƙafa uku, da Hausar da kowa zai gane. Aka zagaya da shi layi-layi, mutane suna leƙawa, wata tsohuwa ta ce a bar ta ta taɓa. Sannan Zuliha ta ce a cikin ƙwaya akwai wani furotin ɗin daban wanda aikinsa ke nan ya zo ya ɓamɓare kwandon, yau Nafisat ce za ta zama shi. Nafisat ta sa hannu ta zare ƙafa ɗaya.

Kwando ya zube. Balan-balan ya gangara, wata yarinya ta cafe ta ruga da shi wurin da aka zana ɗaki na biyu. Wuri ya ɗauki sowa da dariya.

Sunusi ya buga sanda a ƙasa, ya ɗaga murya yadda har dagaci sai da ya waiwayo.

"Malama! Wane ragon ne ya yi miki wannan aiki? Ga kakanki a zaune! Ni ba na yabon Bakano, amma wallahi da saƙar Hambali ce, ko mota ta bi ta kai ba za ta yi haka ba!"

Mutane suka ce ƙwarai, gaskiya ne. Wasu suka juyo suna gyaɗa wa Hambali kai. Ko Sunusi ya gane hannun da ya yi saƙar, ko bai gane ba, har yau bai faɗa wa kowa ba. Zuliha dai ta cika alkawari, ta kalli ƙasa ta ce wani ne ya yi mata.

To ka ga, sunansa ya tsira, har an ƙara masa kwalliya, daga bakin Sunusi ma. Abin da ya rage masa kawai ya ci gaba da zama. Ya dubi tarin ƙafa-ukun nan a kan tebur, kowace gwiwa ya san garwashin da ya gasa ta. Ya ga 'yan matan sun fara tattarawa za su mayar, ɗaya ta riƙe nata a juye. Ya ji an ce rago.

Ya dafa kafaɗar Sunusi ya miƙe.

"Ni na saƙa."

Sunusi ya jefar da sanda ya ɗaga hannu biyu sama.

"Jama'a ku shaida! Allah ya nuna min! Saƙar Hambali ta kwance a gaban dagaci!"

Dariyar da aka yi ta fi ta farko, kuma ta shige shi, kar ka ce ba ta shige shi ba. Amma bai koma ya zauna ba. Ya ratsa benci har gaban tebur, ya karɓi na hannun yarinyar nan ya juya mata shi daidai.

"Gwiwar ciki take kallo, 'yata. Ɗora a nan. Ke kuma jikar Bazazzagi, riƙe da kyau, kar ki yi aikin gidanku."

Suna sakawa yana nuna musu da baki, bai ƙara sa hannu ba, har abin ya sake tashi zagaye a gaban kowa. Dagaci ya ce a sake rushewa ya gani. Aka sake.

Yanzu in ka je Kwanar Gafan ka ce saƙar Hambali, za a samu mai tambayarka wacce, mai riƙewa ko mai zubewa. Sunusi ya ɗauki abin ya mai da shi gaisuwa, ko a jana'iza suka haɗu sai ya raɗa masa. Wani lokaci Hambali ya rama, wani lokaci ya ɓata rai har yamma. Wata malama daga Bunkure ta aiko tana son irinsa, ya ce sai ya yi shawara, alhali Rekiya ta riga ta ga gora a jiƙe.

Kai fa, da kai ne a bencin nan na baya, sunanka ya tsira, ba wanda ya sani sai kai da jikarka, za ka miƙe?